Sassaƙen Gwaggo a Dajin da Ya Ƙone

Tun da muka dawo daga Maroko ba ku bar ni na huta ba. A bakin famfo tambaya, a Islamiyya tambaya, a waya tambaya: yaya jirgi, yaya sanyi, wai da gaske ba sa cin yaji? Bakina ya gaji. Ga shi na rubuta sau ɗaya, wadda ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita, kuma don Allah kada a sake tare ni a hanya.

Da farko dai ba yawo na je ba, rakiya na yi. Gwaggo Asabe, yayar babanmu, ita ta ɗaura niyyar ziyarar Fas saboda ɗanta, Yaya Sani. Ga wadda ba ta sani ba: yana zuba wa injin ban ruwa fetur a gonar tumatir ɗinsu ta wajen Bunkure, injin da zafinsa, wuta ta tashi. Ta ci masa hannun dama da ƙirji da gefen fuska. Asibiti sun yi iya yinsu, ciwo ya rufe, aka sallamo shi. Amma tun daga ranar ya shige ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Ba gona, ba majalisa, magana ma sai "to" da "a'a". Masu dubiya kuwa kullum gida cike, kowa da maganin da ya riƙo, kuma ba wanda Gwaggo ba ta jiƙa ba. Daga ƙarshe ta ce na likita ya ƙare, na masu saiwa ya ƙare, za ta je ta roƙa masa a can, kuma ba za ta dawo hannu rabbana ba. Aka haɗa ta da ni don ina karanta Turanci, ina kuma da ɗan Larabcin Islamiyya.

Malamin makarantarmu da ya ji, sai ya aiko da saƙo a kai wa 'yarsa Rabi, wadda ta je karatu can ta yi aure: garin kuka, daddawa, yaji, busasshiyar kuɓewa. Jakar saƙon ta fi tawa nauyi.

Hanyar Abuja ba abin da zan gaya muku, kun san ta. Abu ɗaya kawai, a filin jirgi na gano Gwaggo ta soke 'yar wuƙarta ta yankan goro a ƙugu. Sai da na yi da gaske ta yarda aka tura ta cikin babbar jaka.

"Saratu, ke wace irin yarinya ce? Wuƙar goro ce za ta kayar da jirgi?"

"Ba za ta kayar da shi ba, Gwaggo. Za ta dai sa ya tashi ba mu."

A Kazablanka muka sauka. Wani jami'i ya buɗe jakar saƙo, ya ɗago ledar kuka, koren gari, ya kalle mu sama da ƙasa. Ya yi tambaya da wani irin Larabci da ban taɓa ji ba, kamar an kwashe wa kalmomi wasula an bar baƙaƙe suna karo da juna. Nawa Larabcin ya gudu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Miya ce! Miya!"

Ashe a Larabcinsu "miya" ɗari take nufi. Mutumin ya zaro ido, ya hau zazzage jaka yana neman sauran ledojin. Gwaggo ta ga abin zai yi tsawo, ta lakaci kukar ta sa a baki, ta miƙa masa shi ma ya ɗanɗana. Bai karɓa ba. Ana cikin haka hannunsa ya kai kan gwangwanin daddawa, ya buɗe. Bai ƙara tambayar komai ba. Ya rufe, ya zuge jakar da kansa, ya nuna mana ƙofa.

Jirgin ƙasa ya kai mu Fas. Masaukinmu wani tsohon gida ne a cikin lungu, daga waje ko taga babu, ka shiga ka tarar da tsakar gida da tayil har bango. Lungunansu sun fi na cikin birnin Kano matsi. Mota ba ta shiga, jaki da alfadari ke dakon kaya, kuma ba sa kauce wa kowa. Abinci kuwa burodi da safe, burodi da rana, burodi da dare, da shi ake ɗibar miya kamar yadda muke yi da tuwo. Suna dafa nama da busassun 'ya'yan itace masu zaƙi a tukunya ɗaya, Gwaggo ta ce wannan ai wulaƙanta rago ne. Shayinsu na na'a-na'a ne, sukari kamar da gayya. Duk sanda na buɗe baki da Larabcina sai su yi murmushi, wai ina magana kamar liman a kan mumbari. Ba mu daɗe ba muka fara satar yajin Rabi.

Ziyarar kanta ba zan bayyana muku ba, ba ta bayyanuwa. Gwaggo ta zauna a ɓangaren mata ta yi kukan da ban taɓa ganin ta yi ba, ko ranar da wutar ta tashi. Da muka fito ta share ido ta ce, "An roƙa. Saura abin da zan riƙe masa a hannu." Ta sayi turare, ta sayi carbi, amma na ga ba su ishe ta ba. Idonta na kan duk wani mai baza saiwoyi a kasuwa.

Rabi ta zo ta same mu, ta yi ƙiba, Hausarta ta ɗan karkace. Ta ce ba za ta karɓi saƙo a tsaye ba, sai mun je gidan surukarta a kan duwatsun arewa, inda take zama lokacin hutu. Muka shiga tasi a matse kamar na gida, har da mai kaza. Hanya ce ta bambanta. Mu 'yan Kura me muka sani game da dutse? Ƙasarmu shimfiɗe take kamar faranti. Can kuwa hanya nannaɗe take kamar gammo, gefe ɗaya dutse, gefe ɗaya rami. Gwaggo ta rufe ido ta damƙe cinyar wata baiwar Allah da ba ta sani ba har muka isa. Matar sai ta ba ta ɓawon lemo ta riƙa shinshinawa.

Surukar Rabi sunanta Lalla Zuhura. Lalla ɗin kamar Hajiya ne a wurinmu. Gajeriyar tsohuwa ce, ta ɗaura zane mai ratsin ja da fari a kan riga, ta ɗora malafa a kan ɗankwali, sak irin ta masu noman rani, sai dai tata da tuntaye. Kafin Gwaggo ta gama rusunawa don gaisuwa, matar ta rungumo ta, ta sumbace ta a kumatu dama da hagu, ta sake komawa. Gwaggo ta sandare.

"Saratu, me na yi mata?"

"Sannu da zuwa take yi miki."

"To ta faɗa da baki mana."

"Ai da bakin ta faɗa, Gwaggo."

An ba mu ɗaki mai dogayen kujeru jikin bango, su ne wurin zama su ne gado, da barguna masu nauyi kamar buhun taki. Aka kawo miyar wake mai kauri da man zaitun a kai. Rabi kuma ɗoki ya hana ta jira, ta kaɗa miyar kuka a ranar. Lalla ta ɗaga cokali, ta ga miya na binsa ba ta tsinke ba, ta mayar a hankali ta ce ta ƙoshi, Allah ya yi albarka.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne damina da sanyi tare suke zo musu. Mu da sanyi ko ɗigo ba a yi, sai ruwan kanal. Su kuwa lokacin zafi ne sama ke ɗaukewa, komai ya bushe ƙayau, kuma a lokacin ne wuta ke cin dajinsu. Zafin da ya wuce ta ci na bayan gidan Lalla, ta ƙone mata amyoyin zuma, ta tsaya a bakin gonar zaitun.

Da safe Lalla za ta kora awaki, na ce zan bi, zaman ɗaki ya ishe ni. Gwaggo ma ta yafa bargo ta biyo mu, Rabi na yi mana tafinta.

Daji baƙi ƙirin, in ka taɓa itace hannunka ya yi gawayi. Itatuwan iri biyu ne, kuma Rabi ta ce 'yan gida ɗaya ne. 'Ya'yansu ma kusan iri ɗaya, wasu 'yan ƙwallaye masu hula da suke kira ballut, awaki na ci, mutane ma na dafawa. Na farko yana kan tudu inda rana ke duka. Shi ba ya zubar da ganye duk shekara, kamar mangwaro. Jikinsa ya ƙone, amma a kan rassan har can sama ga sabon ganye tuli-tuli kamar an dasa. Sunansa farnan. Na biyu yana gangare wajen rafi, tsirara, ko ganye ɗaya babu.

"Wancan fa?" na tambaya.

Rabi ta ce, "Zan."

"Za ki me?"

"Sunansa ke nan. Zan."

Gwaggo ta ce, "Itace da sunan alkawari. Shi ya sa bai yi komai ba."

Ni kuma da bakina da ba ya shiru, na ce a gaya wa Lalla waɗancan sun mutu, me ake jira, a sare a yi girki. A Kura da tuni sun zama toka a murhu. Lalla ta ce zan ko ba wuta haka yake tuɓewa duk sanyi, sai sanyin ya wuce ya mayar da ganye. Don haka yanzu ba mai iya rantsuwa wanne wuta ta kashe, wanne barci yake. Na tuna gawon gonarmu da ke zubar da ganye da damina lokacin da komai ke kore, baƙo ya gani ya ce ya mutu.

Gwaggo ba ta zan take ba. Ta tsaya gaban wani ƙaton farnan tana danna ɓawonsa da yatsa. Ga kauri, ga taushi kamar soso, ga rashin nauyi. Rabi ta ce shi ne rigar itacen. Wuta ta lashe bayan, ba ta kai ciki ba, shi ya sa ya tofo daga sama. Da ɓawon ake yin murfin kwalba da amya da kujera 'yar tsugunno.

"Wuta ta shige shi ta fita, bai mutu ba," in ji Gwaggo, a hankali.

Na ji ta sarai. Ban kawo komai a raina ba.

Bayan azahar muka nemi Gwaggo muka rasa. Rabi ce ta hango bargonta a kan tudu. Ko da muka isa ta gama aiki. Kun san Gwaggo da sassaƙe, ba ta wasa. Duk wadda ta taɓa sassaƙar maɗaci ta san ɓawon waje matacce ne, maganin yana jan nan na ciki mai danshi. To haka ta yi. Ta ɓanɓare baƙin ta yar, ta sa wuƙar goro ta yanko jan har sai da farin itace ya bayyana, faɗin tafin hannu. Kuma ta cika ƙa'ida, ta yanki gabas ta yanki yamma.

Lalla ta iso bayanmu. Ihun da ta yi sai da awaki suka watse. Ta dafe wurin da hannu biyu kamar mai tare jini, tana faɗa da saurin da Rabi ta kasa fassarawa. Gwaggo ta tsaya da sassaƙenta ƙulle a gefen zane.

"Ikon Allah. A kan ɓawo? Rabi, gaya mata a garinmu itacen kowa ana sassaƙa, ba a tambaya. Don magani ne fa."

"Gwaggo, ba zan iya gaya mata haka ba."

Ni kunya ce ta ishe ni har ta koma haushi. Na ce, "Gwaggo, mun zo gidan mutane, sun ba mu abinci sun ba mu bargo, kin hau musu itace da wuƙa. Saiwa nawa kika jiƙa masa? Wacce ta tashe shi?"

Kallona kawai ta yi. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Lalla ta ja mu gaba kaɗan, ta nuna mana wasu farnan a jere. Su ba ganye ko ɗaya, kuma daga ƙasa zuwa tsayin mutum jikinsu siriri ne, ba ɓawo. Rabi ta fassara. Ana sauke wa farnan ɓawo a sayar, sannan a bar shi shekaru ya mayar. Waɗannan an tuɓe su ba da daɗewa ba wuta ta zo, ta same su ba riga, duk suka tafi. Kuma masu tuɓewar ma na waje kawai suke ɗauka, ba sa taɓa jan ciki, don shi ke haifar da sabon ɓawo. Inda aka yanke shi ba ya sake rufuwa da kyau, kuma ta nan wuta za ta shiga in ta dawo.

"Ta ce kuma za ta dawo," in ji Rabi. "Ba ta taɓa fasawa ba."

Gwaggo ta zauna a kan dutse. Ta kwance gefen zanenta ta kalli abin da ta yanko. Can ta ce, "Rabi, gaya mata ina da ɗa." Ta ba da labarin tun daga injin har juya baya, tana nuna hannunta, ƙirjinta, kuncinta. Rabin labarin ma Lalla ba ta jira fassara ba.

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta kwaɓa laka da kashin shanu, ta miƙa wa Gwaggo rabi, su biyu suka shafe raunukan, ɗaya a gabas ɗaya a yamma. Tana shafawa tana cewa ko waɗannan korayen kada mu yi saurin yi musu barka. Wani yakan tofo da ragowar ƙarfinsa, in fari ya biyo baya sai ya bushe daga baya, bayan kowa ya daina dubansa. Da suka gama ta ce mu biyo ta gangare.

A can akwai gindin wani zan da ya ƙone har ya karye, an kewaye shi da ƙaya. Sai da na leƙa na ga abin da ake karewa: 'yan siraran tsirrai da suka fito daga saiwa, ba su kai gwiwata ba. Lalla ta ce zan ba shi da rigar farnan. Abin da ke cetonsa shi ne wurin zamansa, laima da inuwa, wuta ba ta cika sauka can ba. Amma fari ya busar da rafin, ta sauka. In ta same shi haka, saman ya tafi, sai dai ya faro daga ƙasa. Kuma ba wuta ce ke ƙarasa shi ba. Ta nuna awakinta da sanda.

"Ta ce ba mugunta suke yi ba," in ji Rabi. "Tohon ne da taushi. Wannan ta ɗan ciza, waccan ta ɗan ciza. Ya sake tofowa, su sake. Har saiwar ta gaji."

Na ce, "To har yaushe za a yi ta tsaronsa?"

Lalla ta ɗaga hannu daidai kafaɗarta, ta ƙara ɗagawa sama.

"Sai kansa ya wuce bakin akuya, har wadda ta miƙe da ƙafa biyu."

"Shekara nawa ke nan?"

Lalla ta watsa hannu.

"Waɗanda ba su tofo ba fa, yaya take sanin suna da rai?"

"Ta ce ba ta sani ba. Kuma ba ta tona saiwa don ta duba."

Na daɗe ina juya wannan a raina. Mu ma wuta ba baƙuwarmu ba ce. Duk kaka ana cinna wa karan shinkafa, itacen bakin gona ya babbake, mu ɗaga kai mu duba. In kore ne mu ce ya sha, in ba ganye a kawo gatari. Ban taɓa ganin wanda ya jira ba, balle ya sare ƙaya ya kewaye kututture. Ni ma ba mai jira ba ce, kun sani.

Sassaƙen dai a gindin itacen Gwaggo ta bar shi. Ranar da za mu tafi Lalla ta kawo mata kujera 'yar tsugunno ta ɓawon farnan, na waje, wanda ake saukewa ba a ji wa itacen ciwo ba. Da yatsa biyu za ka ɗaga ta. Gwaggo ta karɓa, ta miƙa kumatunta da kanta.

A tasin komawa ba ta rufe ido ba. Muna cikin nannaɗewar nan ta ce, "Saratu, tun da aka sallamo shi, mutum nawa suka shiga ɗakin nan?"

"Wa zai ƙirga? Har 'yan Madobi sun zo mota guda."

"Kowa sai ya ce mu gani."

"Haka ne."

"Ni nake ɗaga musu rigar." Muka wuce wata kwana, ta ci gaba. "In ce Sani juyo, baƙi ne. Su ce wayyo, kamar ba shi ba. A gabansa."

"Zumunci ne, Gwaggo. Ba mugunta suke yi ba."

"Ai na ji ta da ta faɗa."

Sauran kun gani da idonku, wasunku har sun yi fushi. Washegarin dawowarmu Gwaggo ta dasa kujerar nan a ƙofar ɗakin Yaya Sani ta zauna. Matar da ba ta taɓa mayar da baƙo ba. Duk wanda ya zo ta amsa gaisuwa, ta ba shi dabino, ta shafa masa turaren Fas, ta ce, "Yana amsawa. Ba a shiga." Har Hajiya Ladi maƙwabciyarmu, da ta je takanas Kumbotso ta karɓo ƙullin magani, ta ce, "Asabe, ni ce fa." Gwaggo ta ce, "Na gan ki, Ladi. Allah ya ba da lada. Ba a shiga." An ce Maroko ta sa mata girman kai. An ce wani asiri aka ba ta da ba a so a gani. Ku faɗi abin da kuka ga dama.

Kada ku tambaye ni ko ya warke. Bai fito ba, kuma ban san ranar fitowarsa ba. Amma shekaranjiya da hantsi ina shara a tsakar gida, sai na ji murya a dishe daga bayan labule.

"Saratu. Tsuntsaye sun fara sauka a alkama?"

Na yar da tsintsiya na nufi ɗakin, bakina cike da magana: ya tashi, ga babur a waje, ya zo mu je ya gani da idonsa. Gwaggo ta cafke min gefen hijabi, ko kai ba ta ɗago ba.

"Daga nan za ki amsa masa," ta ce ƙasa-ƙasa. "Abin da ya tambaya kawai."

Na tsaya inda nake. Na haɗiye sauran.

"Sun fara, Yaya. Amma ba su yi yawa ba tukuna."

Can ya ce, "A ɗaɗɗaura leda a igiya."

"To."

Na je na ɗaura.